Bindiga, Albarushi da Jakar Magani: Tambayoyin da Maharban Sakkwato Ke Yawan Yi

Gidanmu gidan maharba ne, ni kuma aikin jinya na yi har na yi ritaya. Saboda haka na san daji daga ɓangaren masu shiga, na kuma san shi daga ɓangaren waɗanda ake fitowa da su a kan babur. Tambayoyin nan su ne matasa suka fi yi mini idan an zauna bayan la'asar, musamman in kaka ta wuce, an fara maganar fita. Na amsa su yadda nake amsawa a kan tabarma.

Baba, doka ta yarda mutum ya mallaki bindigar farauta?

Ta yarda, amma da lasisi. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula, irin na soja da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ita kuma maganarta tana wurin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi.

A 'yan shekarun nan 'yan sanda sun ƙara tsaurara ba da sabon lasisi saboda halin da ƙasa ke ciki. Kafin ka kashe kuɗinka, je hedikwatar 'yan sanda ta jiha da ƙafarka ka tambayi inda aka kwana. Kuma katin ƙungiyar mafarauta ba lasisi ba ne, ɗana. Yana nuna ko kai waye, amma bai halatta maka ƙarfen da ke kafaɗarka ba.

Mene ne bambancin raifal da mai baki biyu da ta toka?

Raifal tana da zane a cikin bututunta wanda ya murɗe kamar igiya. Shi ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi a miƙe zuwa nesa. Harsashi ɗaya take jefawa. Mai baki biyu cikinta sumul yake, tana watsa ƙwayoyin dalma masu yawa, shi ya sa ta dace da zabon daji da makwarwa da zomo, da kirinjijiya a fadamar Rima. Aikinta na gaskiya bai wuce mita 30 zuwa 40 ba. Bayan nan rauni kawai za ka yi wa dabba, ta je ta mutu mushe a cikin sabara.

Abin da nake so ka riƙe game da raifal shi ne nisan da harsashinta ke ci idan ya kuskure. Ƙaramar nan da ake kira .22, wadda wasu ke rainawa, harsashinta yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Manyan kuwa kilomita uku ba komai ba ne a wurinsu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunin da zai tare, kuma bayan kowane kurmi akwai ruga ko gona ko yaro mai kiwo.

Ta toka kuwa, wadda muka gada, maƙeri ne ya yi ta da hannu. Babu biyu da suke iri ɗaya, kuma babu wanda ya gwada ƙarfin bututunta da na'ura. Sai ka san taka kamar yadda ka san dokinka.

Ina yin saiti daidai amma ina kuskure. Laifina ne ko na bindiga?

Galibi naka ne. Mutum yana jin tsoron ƙara da dukan kafaɗa, sai ya runtse ido ya fizgi kunama kafin bindiga ta tashi, bakinta ya karkata. Kafa gindinta sosai a ramin kafaɗa, kunci a kan katako, ka saki rabin numfashi, ka matsa kunama a hankali har tashin ya zo maka kamar ba ka shirya ba. Bayan ta tashi kada ka ɗaga kai nan take don ganin ko ya faɗi. In da itace ko suri kusa, jingina.

Tsuntsu mai tashi kuwa ba inda yake ake harba ba, inda za shi ake harba, kuma hannu ba ya tsayawa. Sannan ka toshe kunnenka. Ƙarar bindiga tana wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin ƙara, wanda harbi ɗaya ma yana iya yi wa kunne illar da ba ta warkewa. Ka lura da tsofaffin maharba, yawancinsu kunne ɗaya suke juyo maka in kana magana.

Idan an fita farautar gayya, me ya fi jawo a harbi ɗan'uwa?

Harbin motsi. Ciyawa ta motsa, mutum ya saki wuta, ashe abokinsa ne ya durƙusa yana kwance tarko. Wanda bai ga dabba da idonsa ba, kai da jiki, ya kuma ga abin da ke bayanta, bai da abin harbi. Da dare ma haka: ido biyu masu ƙyalli a hasken tocila suna iya zama na gada, suna iya zama na ɗan maraƙin Fulani, fitilar goshin wani maharbin ma daga nesa takan yi kama da ido.

Na biyu shi ne tsallake rami ko shinge ko hawa babur da bindiga a ɗure. Na uku jawo ta ta baki, daga ƙarƙashin kaya ko daga cikin kwalekwale. Wani yaro da na yi jinya, haka ya jawo ta babansa daga bayan buhunan gero, kunama ta maƙale a igiya. Ya rayu, amma hannun dama bai dawo ba. Kowace bindiga ka ɗauke ta a matsayin ɗurarriya, ko da kai ka sauke ta, wato ka cire mata ɗuri, da hannunka, yatsa kuma ba ya shiga wurin kunama sai an yi niyya. Kada a harba saman ruwa ko dutse, harsashi yana tsalle ya canza hanya. A jeru a layi ɗaya, kowa ya san ɓangarensa, kuma in Sarkin Baka ya ce a tsaya, a tsaya.

Na ja kunama ba ta tashi ba. Me zan yi?

Bar bakinta a inda ka saita. Kada ka juyo, kada ka leƙa. In mai katirij ce, wato harsashin kamfani mai kwanso, ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe ta. In ta toka ce, jira minti biyu, domin albarushin da ya sha laima yakan ci a hankali sannan ya tashi. In kuma ta tashi da 'yar ƙara maras ƙarfi, kada ka sake harbi sai ka duba ko wani abu ya tsaya a bututu. Kafin fita ma ka duba: zanzaro yana son gina ɗakinsa a bakin bindigar da aka rataye tun damina, wannan 'yar ƙasar kuwa ta isa ta fasa ƙarfe.

Na ga Turawa a intanet suna sake cika kwanson harsashi a gida. Mu me zai hana?

Doka ce ta farko. A Amurka an yarda mutum ya cika wa kansa, a nan kuwa dokar 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi a wajen wuraren da gwamnati ta keɓe. Shi ya sa ba zan ba ka awo ko hanya ba. Amma bari in gaya maka abin da bidiyon ba ya nunawa.

Harsashi abu huɗu ne: kwanso, da ɗan ƙyastun da ke gindinsa, da garin da ke ci, da dalmar da ke fita. Waɗancan mutanen suna auna garin da sikelin da ke gane abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba, suna bin littafin da kamfani ya rubuta bayan gwaji a ɗakin bincike, kowane gari da nasa awon, kowace dalma da nata. Duk da haka sukan fasa bindiga. Dalili shi ne matsin da ke cikin bututu. Iskar tayar mota tana tsakanin 30 da 35 a ma'aunin masu faci. A wannan ma'aunin, katirij ɗin mai baki biyu yana kai wa 11,000, babbar raifal kuma ta haura 50,000. Duk wannan yana faruwa ne tazarar taƙi ɗaya daga idonka.

Saboda haka katirij ɗin da wani ya cika a ɓoye yana sayarwa da araha, ka bar masa kayansa. Ba ka san me ya zuba ba, shi ma cokali ya auna da shi. Ka kuma kula da lamba: katirij mai lamba 20, wanda ya fi siriri, yana zamewa ya shige cikin bututun lamba 12 ya maƙale, in ka ɗora wani a bayansa ka harba, shi ke nan.

To garin cikin katirij fa, ana iya ɗura shi a bindigar toka?

A'a, ko kaɗan. Baƙin albarushi da garin katirij ba dangi ba ne. Na katirij yana haifar da matsi ninkin-ba-ninkin, bindigar maƙera ba za ta ɗauka ba. Yawancin fashewar da na gani, ko wannan ne, ko ɗuri biyu: mutum ya ɗura jiya, ya manta, yau ya ƙara. Yi wa sandar ɗurinka alama a inda take tsayawa in bindiga babu komai, ka riƙa gwadawa kafin ka zuba. Kada ka zuba kai tsaye daga gora, domin in akwai sauran tartsatsi a ciki, gorar ce za ta tashi a hannunka. Fuska ba ta tsayawa a saman baki lokacin ɗuri, taba kuma sai an yi nisa.

Narka dalma a gida yana da illa?

Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a yi mana wannan bayani ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalma dalma ce. Ƙurarta tana zama a ƙasa inda yaro ke rarrafe, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kada ta kusanci tukunyar abinci ko murhun gida. Naman da aka harba ma a yanke kewayen raunin a zubar, a tsince ƙwayoyin, musamman in mai ciki ko yara za su ci.

Malam, maigidana yana rataye bindigarsa a ɗaki, ga yara. Yaya zan yi masa magana?

'Yata, kina da gaskiya. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki roƙe shi abu uku: ya sauke ta kafin ya shigo gida, ya kulle ta a akwati, ya ajiye albarushi ko katirij a wani wurin daban, nesa da murhu da rana. Ɗakin kwano a watan Afrilu a Sakkwato kin san yadda yake. In ya ƙi ji, ki sami wansa ko wanda ya koya masa harbi. Maharbi yana jin kunyar ubangidansa.

Me ya kamata a samu a jakar magani?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bandeji mai faɗi guda uku ko huɗu, tsumma mai tsabta da aka wanke aka goge, ƙyalle mai faɗin yatsu uku da ɗan guntun sanda mai ƙwari, safar hannu, almakashi, sabulu, filasta, farasitamol, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, tocila, biro, da ruwa fiye da yadda kake zato. Sai waya mai caji. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma a dawa sabis kan ɗauke, don haka abin da ya fi lamba shi ne ka gaya wa na gida inda kuka nufa da lokacin dawowa, a kuma san inda aka ajiye babur da mai a cikinsa. Duk abin da za a yi a daji sayen lokaci ne kawai zuwa bakin titi.

An harbi mutum ko adda ta sare shi, jini na zuba. Da me za a fara?

A sauke bindigar tukuna. Sannan danna. Ɗora tsumma a kan raunin ka danna da nauyin jikinka minti 10 ba ɗagawa. Abin da ke ɓata aiki shi ne ɗagawa a leƙa. In ya jiƙe, ƙara wani a kai. In rami ne mai zurfi a cinya ko hammata, cusa tsumman ciki ka danna. Duba baya, harsashi yakan fita ta can, kuma ƙofar fita ta fi girma.

In jinin hannu ko ƙafa yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, ɗaure da ƙyallen nan mai faɗi, yatsu uku sama da raunin, ba a kan gaɓa ba. Sa sanda ka murɗa har jinin ya tsaya, ka ɗaure sandar, ka rubuta lokaci a fatarsa. Zai yi ihu, kada ka sassauta, likita ne zai kwance. Igiya ko waya ba sa wannan aiki, yanka nama suke yi.

In a ƙirji ne, ko kana jin iska na fita, a bar shi ya kishingiɗa yadda ya fi samun numfashi, a yi sauri. In a ciki ne, kada a ba shi ruwa ko abinci, in hanji ya fito kada a mayar, a rufe da tsumma mai laima. Kada a tono harsashi. Kada a zuba toka ko ƙasa ko kashin shanu ko man birki, ta nan ciwon sandarewar jiki ke shiga. A rufe shi da bargo ko da rana ce, wanda ya zubar da jini sanyi yake ji. A babur a sa shi a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya. Asibiti mafi kusa za a fara zuwa, su tsayar da jini su sa ruwa, sannan su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a cikin gari.

Saran maciji fa? A tsaga a tsotse, ko a ɗaure?

Ko ɗaya. Wannan ita ce tambayar da na fi so a saurara.

Wadda ta fi kashe mutane a arewa ita ce kububuwa, 'yar gajera mai launin ƙasa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Ka ga kenan wanda ya tsaga wurin da reza ya buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Yaudararta kuma ita ce mutum yakan ji sauƙi a ranar farko, ya ce magani ya ci, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki. Ba banza ake ce mata gobe-da-nisa ba. Kasa kuwa kumburi take sawa, nama ya ruɓe, ɗaurin igiya yana ƙara wannan ɓarnar har a kai ga yanke ƙafa. Kumurci yana tofi a ido. Wannan a wanke da ruwa mai yawa, a ci gaba da zubawa minti 15, kada a murza.

Abin yi: a matsar da shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da kambu da takalmi kafin kumburi. A ɗora wa ƙafar sanda kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Farasitamol kawai za a ba shi. Asfirin da dangin maganin ciwon jiki da ake sayarwa a tebur suna ƙara zubar jini. Kada a ɓata lokaci neman macijin, hoto daga nesa ya isa in ya samu. A asibiti za su ɗebi jini a kwalba su ajiye minti 20, in bai daskare ba sun san dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi, irin su EchiTAb da aka yi domin macizanmu. Ba kowane asibiti ke da ita a kowane lokaci ba. Tun kafin lokacin farauta, shugabannin ƙungiya su bincika inda ake samu a yankinsu.

Kana nufin maganin da muka gada ƙarya ne?

Ban ce ba. Ni ma an ba ni na sha tun ina yaro. Amma ka sani, sau da yawa maciji yana sara bai zuba dafi ba, wani ma ba shi da dafin, wanda aka sara zai warke ko me aka ba shi. Wanda dafi ya shiga jininsa ne ake rasawa a kwana na uku. Yi addu'arka, yi tofinka, amma a kan babur, ana tafiya. Maganin bindiga kuwa, duk wanda ya ce a gwada a jikinsa, ka ce masa ba da hannunka ba. Kotu ba ta san gwaji ba.

Wani ya faɗi saboda rana. Shan ruwa ya isa?

A Maris da Afrilu zafinmu yana haura digiri 40. In mutum yana gumi, jiri na ɗibarsa, amma yana cikin hankalinsa, a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita 1, wato ledar ruwa biyu. In ya fara sambatu ko ya suma, jiki kamar garwashi, wannan mai kisa ne. A tuɓe shi, a kwarara masa ruwa, a yi ta fifita, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi.

Karaya da cizon kare?

Karaya a ɗaure ta da sanda yadda aka same ta, kada a ja. In ƙashi ya huda fata, asibiti kafin maɗori. Cizon kare ko dila ko biri, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a je neman allurar haukan kare a ranar, domin in alamunta suka bayyana babu magani. Dabbar da ka tarar ta mutu da kanta kuwa, ko wadda ta tsaya ba ta gudu, bar ta nan.

Da halin tsaron nan, ana iya tafiya farauta nesa kamar da?

Ba kamar da ba. Dazukan gabas, wajen Isa da Sabon Birni da Gundumi, da na Tangaza da Gudu, ba wurin neman zomo ba ne yanzu. Ko ka tsira daga 'yan bindiga, jami'in da ya hango mutum da ƙarfe a kafaɗa cikin sabara ba zai tambaye ka sana'arka ba. Tafiya kudu kuma, kowa ya ji abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyar komawa Kano bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Allah ya jiƙansu.

In za ku fita, ku sanar da hakimi da ofishin 'yan sanda na yankin, lasisi yana aljihu, bindiga a sauke a naɗe cikin buhu har a isa. Ku nemi izinin mai gona, ku bar cinna wa daji wuta don korar gafiya. Jimina da gauraka da ungulu, in ma kun ci sa'ar ganinsu, ku sauke baki ku wuce. Ni kaina bara iyakata fadamar bayan garinmu, na dawo da makwarwa biyu kafin azahar.